Walter Tull: Marayan da ya buga ƙwallo a ƙaramin rukuni, ya faɗi a fagen daga

A garin Arras da ke arewacin Faransa akwai wata doguwar katanga ta farin dutse, an sassaƙa mata sunayen sojoji kusan 35,000 na Birtaniya da ƙawayenta, waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a kuma san inda gawarwakinsu suke ba. Cikin waɗannan sunaye akwai na wani ƙaramin hafsa, Walter Daniel John Tull. Mai ziyara zai iya wuce sunan bai ko ɗaga kai ba, domin dutsen bai ce baƙar fata ne ba, bai ce maraya ne ba, bai kuma ce ɗan ƙwallo ne da ya yi shekara uku yana tara wa masu ɗinkin takalma farin ciki duk ranar Asabar a wani ƙaramin fili na Northampton ba.

Mu da muke cika gidajen kallo muna tafa wa 'yan wasan Afirka a gasar Firimiya ta Ingila, ya kamata mu san wannan suna. Tarihinsa tarihi ne na mutumin da aka sauko da shi daga sama ba don ya gaza ba, ya karɓi ƙasan da aka ajiye shi, ya yi aikinsa a nan da zuciya ɗaya, har nagartarsa ta tilasta wa dokar da aka rubuta don hana irinsa ta kauce masa.

Ɗan kafinta a gidan marayu

An haifi Walter ranar 28 ga Afrilu, 1888, a Folkestone, wani gari na bakin teku a kudancin Ingila. Mahaifinsa, Daniel Tull, kafinta ne daga tsibirin Barbados, ya iso Ingila a 1876. Kakan Walter na wajen uba bawa ne a wannan tsibiri, inda aka yi ƙarnoni ana noman rake da gumin 'yan Afirka da aka kwashe daga gaɓar tekunmu. Mahaifiyarsa, Alice Palmer, Baturiya ce 'yar yankin Kent. Gida ne na talakawa masu rufin asiri, masu riƙo da cocin Methodist.

Walter na gab da cika shekara bakwai ciwon daji ya ɗauke mahaifiyarsa a 1895. Mahaifin ya auri 'yar uwarta Clara don ta riƙe yaran, amma shi ma ciwon zuciya ya kashe shi a ƙarshen 1897. Nauyi ya fi ƙarfin Clara. Shugabannin coci suka shiga maganar, a farkon 1898 aka kai Walter da yayansa Edward gidan marayu na Methodist da ke Bethnal Green, a gabashin Landan. Yaro ɗan shekara tara ya rasa uwa, ya rasa uba, ya rasa garinsu, abin da ya rage masa a duniya kusa da shi sai ɗan'uwa guda.

Shi ma ɗin bai daɗe ba. Edward yana cikin yaran da ke rera waƙa ana yawo da su gari-gari don tara wa gidan kuɗi, a can Glasgow wasu ma'aurata masu suna Warnock suka gan shi, suka ɗauke shi riƙo a 1900. Daga baya ya zama likitan haƙori. Walter ya zauna shi kaɗai. Aka sa shi koyon aikin ɗab'i, yana jera haruffan dalma da hannu, in an tashi kuma ya fita wasa da ƙungiyar ƙwallon gidan marayun. Ƙwallon nan ita ce ta zame masa dangi.

Daga 'yan dagaji zuwa Tottenham

A 1908 ya shiga Clapton, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin 'yan dagaji na Landan, waɗanda ba a biyansu ko kwabo. Cikin kaka guda suka ɗauki kofuna uku, har da kofin 'yan dagaji na ƙasa baki ɗaya, inda suka lallasa Eston United da ci 6 da nema a wasan ƙarshe na 1909. Jaridun wasanni suka fara maganar wani yaro mai sanyin kai, wanda ba ya gaggawar rabuwa da ƙwallo sai ya ga inda za ta yi amfani.

Tottenham Hotspur, wadda a shekarar ce ta hau rukuni na ɗaya karon farko, ta ɗauke shi. Aka ba shi fam 10 na sa hannu da albashin fam 4 a mako, wanda shi ne iyakar abin da doka ta yarda a biya ɗan ƙwallo a lokacin. Kafin kaka ta fara ya bi ƙungiyar rangadi zuwa Ajantina da Yurugwai, tafiyar makonni a jirgin ruwa. A watan Satumba na 1909 ya buga wasan farko da Tottenham ta taɓa yi a babban rukuni, a gidan Sunderland, aka ci su 3 da 1. Ya kuma buga wasan da suka yi kunnen doki 2 da 2 da Manchester United, mai riƙe da kofin FA a lokacin.

Kafin shi, ba a ga masu jinin Afirka a wannan mataki ba sai ɗaiɗaiku. Akwai Arthur Wharton, mai tsaron raga da aka haifa a Accra, akwai kuma Willie Clarke ɗan Sikotilan. Saboda haka duk filin da Walter ya shiga, idanu na kansa.

A farkon Oktoba na 1909 Tottenham ta je Bristol City. Wani ɓangare na 'yan kallo ya saka shi gaba da zagi na launin fata, tun daga busa usur har tashi. Abin ya yi muni har wakilin jaridar Football Star ya sa wa rahotonsa kanun da ya ambaci ƙyamar launi a ƙwallon ƙafa, abin da ba a saba gani a jarida ba a wancan zamani. Ya rubuta cewa Tull ne ɗan gaban da ya fi kowa a filin ranar, kuma halinsa da tsabtar wasansa abin koyi ne ga duk wani farin ɗan wasa. Walter bai rama ba, bai kuma bar filin ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi zagin ciwo. Ba a hukunta masu zagin ba. Shi aka sauke zuwa ƙungiyar ajiya. Cikin shekara biyu wasa 10 kacal ya buga wa babbar ƙungiyar a gasa, ya ci ƙwallo 2. Tottenham ba ta bar wata takarda da ta bayyana dalili ba, amma masu binciken tarihinsa da dama suna ganin shugabannin kulob ɗin sun ga gara su ɓoye wanda ake zagi da su fuskanci masu zagin.

Shekarun Northampton

Wanda ya ciro shi daga wannan kwana shi ne Herbert Chapman, tsohon ɗan wasan Tottenham da ke horar da Northampton Town. Wannan Chapman shi ne daga baya ya ɗaukar wa Huddersfield da Arsenal kofunan gasar Ingila, ana lissafa shi cikin manyan masu horarwa na tarihi. Idon da ya gina Arsenal shi ne ya ga abin da ke jikin Tull. A watan Oktoba na 1911 ya saye shi da kuɗi masu kauri, ya kuma ba Tottenham ɗan bayansa Charlie Brittain a kan cinikin.

Northampton tana buga Gasar Kudu ne, wadda ke wajen rukunoni biyu na babbar gasa, kuma ita ce aka mayar rukuni na uku a 1920. Ga mai kallo daga nesa, wannan koma baya ne. Amma a nan ne rayuwar ƙwallon Walter ta zauna da gindinta.

Northampton garin takalma ne, har ana yi wa ƙungiyar kirari da masu ɗinkin takalma. Ma'aikata na tashi daga masana'anta da tsakar ranar Asabar, su wanke hannu, su nufi filin County Ground, wanda ƙungiyar ke rabawa da 'yan wasan kurket. Babu fitilu, babu canjin ɗan wasa. Wanda ya ji rauni ko dai ya ɗingisa har a tashi, ko ya fita ƙungiyarsa ta ƙarasa da mutum goma. Ƙwallon ta fata ce mai igiyar ɗinki, in ta sha ruwa sai ta yi nauyi kamar tubali, wanda ya sa mata kai kuwa zai kwana yana jin ta. Ana jera 'yan baya biyu, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba biyar. Aikin 'yan tsakiyar nan uku shi ne ya fi kowanne wahala, domin su ne masu tare hari, su ne kuma masu ciyar da na gaba.

A nan aka mayar da Walter daga gaba zuwa tsakiya, ya kuma dace da wurin kamar don shi aka yi. Wanda aka ce bai isa ya buga ba a Landan ya zama wanda ba a fita sai da shi. Ya kara da West Ham, Southampton, Crystal Palace, Millwall da Norwich, ƙungiyoyin da a lokacin duk suna wannan gasa. A kakarsa ta farko Northampton ta ƙare a matsayi na uku. Chapman ya tafi Leeds City a 1912, Walter ya ci gaba da riƙe wurinsa. Jimilla ya buga wasa 111, ya ci ƙwallo 9. Yana zaune a Rushden, wani ƙaramin garin takalma a kusa, cikin mutanen da suke biyan 'yan kwabbansu su kalle shi.

Rayuwar ɗan ƙwallon ƙaramin rukuni ba ta da tabbas. Kwantiragi na shekara guda ne, kulob na iya riƙe takardar mutum ya hana shi tafiya ko'ina, karaya ɗaya kuma ta isa ta mayar da shi masana'anta. Duk da haka, maraya ya samu gari da ya karɓe shi da sana'ar da yake so. Yana da shekara 26, ƙarfinsa ya kai, sai duniya ta rikice.

Bataliyar 'yan ƙwallo

Birtaniya ta shiga yaƙi da Jamus ranar 4 ga Agusta, 1914. Hukumar ƙwallo ta bar gasa ta ci gaba, domin 'yan wasa na ƙarƙashin kwantiragi, kuma mutane da yawa sun ɗauka yaƙin ba zai wuce 'yan watanni ba. Sai surutu ya tashi. Jaridu suka riƙa kiran 'yan ƙwallo matsorata masu guje-guje a fili alhali tsararrakinsu na mutuwa a Faransa. Mata na miƙa wa samarin da ba su sa kaki ba farin gashin tsuntsu, alamar raki. Marubuci Arthur Conan Doyle na cikin waɗanda suka fito fili suka nemi 'yan ƙwallo su shiga soja.

Ranar 15 ga Disamba, 1914, aka yi taro a zauren gari na Fulham, aka kafa Bataliya ta 17 ta Rundunar Middlesex, wadda aka fi sani da Bataliyar 'Yan Ƙwallo. Frank Buckley, wanda daga baya ya yi suna a matsayin mai horar da Wolves, na cikin na farkon shiga. Ƙungiyar Clapton Orient kaɗai ta ba da mutum 41, 'yan wasa da ma'aikata. Ranar 21 ga Disamba Walter ya sa hannu, shi ne ɗan wasan Northampton na farko da ya yi haka. An riƙa barin su suna komawa ƙungiyoyinsu ranar Asabar har kakar ta ƙare, daga nan aka dakatar da gasa.

A watan Nuwamba na 1915 bataliyar ta sauka Faransa. Rayuwa ta koma cikin ramukan yaƙi: taɓo har gwiwa, ƙwarƙwata a ɗinkin riga, ɓeraye, sanyin da ke ruɓar da yatsun ƙafa, da igwa da ba ta san dare ko rana ba. Walter ya samu ƙarin girma har ya kai saje. A wata wasiƙa da ya aiko gida ya ce zaman hutu a bayan daga ya fi gundurar samari, yawancinsu sun fi son komawa ramuka. Amma jiki da jini ne. A watan Mayu na 1916 aka mayar da shi Ingila yana fama da ruɗewar ƙwaƙwalwa irin wadda rugugin igwa ke jawowa.

Yana jinya aka buɗe yaƙin Somme ranar 1 ga Yuli, 1916, ranar da Birtaniya ta rasa mutum sama da 19,000 kafin faɗuwar rana. Bataliyar 'Yan Ƙwallo ta sha wuta a dajin Delville. Clapton Orient ta rasa 'yan wasanta uku a wannan yaƙi: William Jonas, George Scott da Richard McFadden. Su ma 'yan ƙaramin rukuni ne. Walter ya warke, ya koma, aka sa shi a Bataliya ta 23, wato ta biyu ta 'yan ƙwallo, ya kuma riski ƙarshen yaƙin Somme kafin a rufe shi a Nuwamba.

Hafsan da doka ba ta tanada ba

Littafin dokokin soja na 1914 ya tanadi cewa muƙamin hafsa na wanda asalinsa Bature ne tsantsa. Haka abin yake a ko'ina cikin daular Birtaniya. A daidai waɗannan shekaru, sojojin Rundunar Najeriya, waɗanda Hausa ce harshen ba su umarni, suna yaƙi da Jamusawa a Garwa da Mora a Kamaru, daga baya kuma a Gabashin Afirka. Komai jarumtar ɗayansu, iyakarsa igiyar saje ko samanja, hafsoshi duk Turawa ne. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara ba 'yan Najeriya muƙamin hafsa.

Amma manyan Walter suna ganin sa kullum da idanunsu, sun ga launinsa, sun kuma ga aikinsa. Suka ba da sunansa. A farkon 1917 ya tafi horon hafsoshi a Gailes, a Sikotilan, kusa da inda yayansa Edward yake. A wannan zaman ne ya sa hannu wa ƙungiyar Rangers ta Glasgow a watan Fabrairu, da niyyar buga mata in an gama yaƙi, su zauna gari ɗaya da ɗan'uwan da aka raba su tun suna yara. Ranar 30 ga Mayu, 1917, aka ba shi muƙamin ƙaramin laftana. Yana cikin baƙaƙen fata na farko-farko da suka jagoranci fararen sojojin ƙasa na Birtaniya a fagen daga. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Bayan sojojin Italiya sun sha kashi a Caporetto, aka tura rundunarsa Italiya a ƙarshen 1917 don tare layin kogin Piave. A nan ne ya yi aikin da aka fi tunawa da shi. Cikin tsakiyar hunturu, da dare, ya ja mutum 26 suka tsallaka kogin, ruwa mai gudu da ke gangarowa daga duwatsun ƙanƙara, suka shiga yankin abokan gaba, suka yi abin da aka aike su, suka dawo. Ashirin da shida ya tafi da su, ashirin da shida ya dawo da su. Kwamandan rundunar, Manjo Janar Sydney Lawford, ya yaba da jarumtarsa da natsuwarsa. Natsuwar nan ita ce 'yan jarida suka gani a Clapton, ita ce kuma ta hana shi tanka wa masu zaginsa a Bristol. Hali zanen dutse.

Favreuil

A farkon Maris na 1918 aka dawo da su Faransa. Rasha ta fita daga yaƙi, Jamus ta kwaso dakarunta daga gabas, ranar 21 ga Maris ta kawo wani gagarumin hari da nufin gama komai kafin Amurkawa su iso da yawa. Layin Birtaniya ya karye, aka shiga ja da baya ana yaƙi. Ranar 25 ga Maris, kusa da ƙauyen Favreuil a yankin Bapaume, harsashi ya samu Walter. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki ya cika shekara 30.

Mutanensa sun yi ƙoƙarin ɗauko gawarsa ana ruwan wuta. Cikinsu akwai Tom Billingham, mai tsaron ragar Leicester Fosse, kurtu da ya sa ransa a haɗari don kada a bar hafsansa a fili. Jamusawa suka matso, dole aka bar shi. Ba a sake ganin gawar ba.

Wasiƙun ta'aziyya suka isa wurin Edward a Glasgow. Wani abokin aikinsa, Laftana Pickard, ya rubuta cewa Walter jarumi ne mai riƙon amana, kowa na son sa a bataliyar, kuma an ba da sunansa don lambar yabo ta Military Cross, ya kuma cancance ta. Ba a ba shi lambar ba. An yi shekaru ana kira a ba shi ita ko bayan ransa, hukumar tsaro tana cewa ba ta da takardar shawarar a ma'ajiyarta.

Aka yi shekara sama da saba'in sunansa na kwance. Sai a shekarun 1990 mai binciken tarihi Phil Vasili ya tono labarinsa, daga baya ya rubuta littafi a kansa. A watan Yuli na 1999 Northampton Town ta kafa masa dutsen tunawa a filinta na Sixfields, hanyar da ke kaiwa filin ma sunansa aka sa mata. An buga hotonsa a kan sarki a 2018, cikar shekara ɗari da rasuwarsa, a 2021 kuma aka shigar da shi zauren gwarzayen ƙwallon Ingila. Ƙaramar ƙungiyar da ta ba shi wuri yana raye ita ce ta riga manya tunawa da shi.

Yaron da ke buga tamaula a filin unguwa ko a ƙaramin rukuni, wanda yake ganin an danne shi, ya riƙe wannan tarihi: wasa 10 Walter Tull ya buga a sama, 111 a ƙasa, kuma a ƙasan ne ya zama mutumin da sojoji suka bi cikin kogi da dare, suka kuma koma cikin wuta don ɗauko gawarsa. Ingila ta biya shi da dutse da kan sarki. Lambar yabon da abokan yaƙinsa suka shaida ya cancanta kuwa, har yau bashi ce a kanta.